DAURIYA DABAN, HAƘURI DABAN

Yau ba maganar kishiya na zo da ita ba, ba kuma ta lefe ko ta dangin miji ba. Maganar ƙafa ce. Na san wata za ta yi murmushi ta ce, to ita kuma ƙafa me ta yi da har za a ɓata takarda a kanta? Ki dai biyo ni a sannu, domin a ƙarƙashin maganar ƙafar nan akwai wata tambaya da ta shafi yadda muke auna darajar 'ya mace a gidajenmu.

Tambayar ita ce: mace ta ji ciwo a tsokar ƙafarta, ta yi kwana huɗu ko biyar tana ɗingishi, zafin ya lafa amma ciwon bai warke ba. A cikin biyun nan wace ce ta kyauta? Wadda ta cije leɓe ta koma gudunta da zirga-zirgarta don kada a kira ta raguwa, ko kuwa wadda ta ja da baya ta ba ƙafar lokacinta? In kika zaga gidaje kika tambaya, akasari za su ce miki ta farkon ita ce jaruma, ita ce 'yar halak mai dauriya. Ni kuwa ina da ja a kan wannan hukunci, kuma zan faɗi dalilina.

INA MU INA GUDU?

Bari in fara tarar numfashin mai cewa, "Mu matan Hausawa ina mu ina gudu? Ai wannan sai 'yan ƙwallo." Duk mai faɗin haka ba ta taɓa tsayawa a Magama ba, wato bakin iyakar Jibiya, inda hanyar da ta taso daga Katsina take tsallakawa Ɗan Isa ta wuce Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Ki je ki tsaya can, musamman ranar Lahadi da kasuwar Jibiya ke ci. Da zarar mota ta rage gudu a shingen kwastan ko na jami'an shige da fice, sai ki ga 'yan mata sun zabura kamar an harba su, tire a ka, silifa a ƙafa. Mai awara, mai dafaffen ƙwai, mai kwaɗon zogale, mai ruwan leda, kowace na son ita za ta fara kai wa tagar mota. In direba ya ja kafin a ba da canji, nan ma sai an bi shi a guje. A wuni ɗaya yarinya takan yi irin wannan zabura ba adadi, kuma irin gudun nan na tashi daga tsaye cak a fizga da ƙarfi, yakan yaga tsoka.

Ba su kaɗai ba ne. Akwai 'yan matan da suka gama makaranta suna burin sa kaki, ko na 'yan sanda, ko na kwastan, ko na shige da fice, waɗanda suke fita bayan sallar asuba suna sassarfa don su shirya wa gwajin ƙarfi. Kuma ba abin kunya ba ne. Chioma Ajunwa da ta ciyo wa Najeriya lambar zinariya a tsallen nesa a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, ai 'yar sanda ce a lokacin. Akwai uwargidan da likita ya ce ta riƙa motsa jiki saboda hawan jini ko ciwon suga. Akwai ni da ke, da kan kwasa a guje in yaro ya nufi murhu ko bakin rijiya.

Sannan akwai gudun da ba a so a tuna, gudun ceton rai. Mutanen ƙauyukan Jibiya sun san shi. Tun wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga suka kori dubban mutane daga Katsina da Zamfara da Sakkwato, wasu suka shigo cikin garuruwa, wasu suka tsallaka jihar Maraɗi, akasarinsu mata da yara. Sun kuma san daren ambaliyar watan Yuli na 2018 da ta ci rayuka da dama a garin Jibiya. Hausawa suka ce in ka ga ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba. Saboda haka ƙafar mace a wannan yanki ba ta ado da lalle ba ce kawai. Jarinta ce, wani lokacin kuma ita ce tsakaninta da mutuwa.

ABIN DA KE FARUWA A CIKIN ƘAFAR

Mukan ce "jijiya ce ta riƙe" mu wuce wurin. Amma sau da yawa ba riƙewa ba ce, yagewa ce. Ki ɗauki tsoka kamar igiyar guga. Zaruruwa ne masu yawa aka tufke wuri ɗaya. In aka fizge ta fiye da ƙarfinta, wasu zaruruwan sai su tsinke. A ƙafa wurare biyu ne abin ya fi samu: bayan cinya, da sha-raɓa, wato tsokar da ke bayan ƙwauri.

Likitoci sun kasa ciwon mataki uku. Na farko, 'yan zaruruwa kaɗan ne suka tsinke, akwai zafi amma ana iya takawa, kuma yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku. Na biyu, wani sashe na tsokar ya yage, ga kumburi, ga ɗingishi, wani lokacin wurin ya yi duhu saboda jinin da ya kwanta, shi kuma yakan ci wata ɗaya zuwa biyu. Na uku, tsokar ta tsinke gaba ɗaya ko kusa da haka, wannan maganar watanni ce, wataƙila har da tiyata.

To ga inda yaudarar take. A kwanakin farko jiki yana tura jini wurin, ya kumbura, ya yi zafi. Bayan 'yan kwanaki zafin sai ya sauka, domin jiki ya fara yin faci. Amma facin nan ɗanye ne, sai ya yi makonni kafin ya ƙosa ya yi ƙwari. Kin ga ke nan zafi yana rigan ciwo tafiya. Igiyar da ta fara tsinkewa tana iya sauka rijiya da guga ba komai a ciki, lafiya lau. Sai an ciko gugar an fara ja sannan za a san halin da take ciki. Haka ƙafar take: tana iya tafiyar tsakar gida, amma ba ta iya zabura. Shi ya sa masana wannan fanni suka lura cewa an fi yin fami a makonnin farko na komawa gudu, kuma ciwo na biyu yakan fi na farko daɗewa.

CIWON DA BA SHI DA SHAIDA

In yarinya ta karye, gida duk ya san an yi ciwo. Za a kira mai ɗori, a ɗaure da karare, a yanka mata kaza, 'yan dubiya su yi ta sallama. In mace ta haihu, al'adarmu ta ba ta kwana arba'in, da ruwan wanka da kunun kanwa, ba mai ce mata raguwa. Ashe dai mun san jiki yana bukatar lokaci. Amma ciwon tsoka ba shi da shaida. Ba jini a fili, ba ɗori, ba jariri a gefe. Abin da kawai mai ciwon take da shi bakinta ne, bakin 'ya mace kuwa in ya faɗi ciwo sau biyu sai a ce raki ne.

Wata rana a Magama na ji wata uwa da 'yarta, yarinyar ba za ta wuce shekara goma sha huɗu ba, tana zaune a gindin wata rumfa tana matsa sha-raɓarta.

"Ke, mi kike yi zaune ga motoci na wucewa?"

"Inna, wallahi ƙafar ce. In na yi gudu sai in ji kamar ana yanka ni da reza."

"Ba na shafa miki man zafi ba jiya? Kwana nawa yau? Tashi ɗiyar nan, dauriya ake. Mu da muka yi surfe da cikin wata tara?"

Yarinyar ta ɗora tirenta ta tashi tana jan ƙafa. Ban ga mugunta a fuskar uwar nan ba, 'yar'uwa. Gajiya na gani, da lissafin abin da za a ɗora a tukunya da dare. Ita ma haka aka yi mata, kuma ta yi imani tarbiyya ce take ba 'yarta. Abin da na tsaya a kansa shi ne kalmar da ta yi amfani da ita, dauriya, domin a nan ne muka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne.

Dauriya ita ce ki shanye zafi ki hana shi fitowa a fuskarki. Tana da ranarta. Ranar naƙuda ana son ta, ranar da sa-gudu ya zo ana son ta, domin a ranar ko ƙafa ta tsinke sai an gudu. Amma dauriya ba ta tambayar me zafin yake faɗa, rufe masa baki kawai take yi. Haƙuri kuwa shi ne ki ba abu lokacin da yake bukata, alhali ranki yana son ki yi sauri. Mai haƙuri da aka ce yakan dafa dutse, ai ba cije leɓe ya yi ya tauna dutsen ɗanye ba, zama ya yi yana iza wuta. Sau da yawa ma dauriya ta fi sauƙi, domin ana yaba mata nan take. Wadda ta tashi da ɗingishi ta bi mota za a ce kai, yarinyar nan akwai himma. Wadda ta ce sai ƙafata ta warke kuwa, ita za ta sha harara da habaici har mako uku. Ki gaya mini, wace ce a cikinsu ta fi bukatar ƙarfin zuciya?

Kuma in mun bi diddigi, me ke tayar da mu kafin lokaci? Wani lokacin larura ce, zan zo kanta. Amma sau da yawa tsoron baki ne. Kar uwar miji ta ce, kar kishiya ta samu abin faɗa, kar ƙawaye su riga ni shiga kaki. Wato mun ɗauki amanar da Allah Ya ba mu, jikinmu, mun biya bashin bakin mutane da ita. Alhali addinin da ya yarda mara lafiya ya yi salla a zaune bai ɗauki sauƙaƙa wa jiki a matsayin ragwanci ba.

LABARIN MUTUM BIYU

A gasar Olamfik ta Barcelona a ƙasar Sifen, shekarar 1992, wani ɗan tseren Ingila mai suna Derek Redmond yana cikin tseren mita 400, zagayen kusa da na ƙarshe, sai tsokar bayan cinyarsa ta yage. Ya durƙusa, sannan ya miƙe ya ci gaba da tsalle da ƙafa ɗaya yana kuka. Mahaifinsa Jim ya keto cikin 'yan kallo ya shigo fili, ya riƙe shi, ɗan ya jingina da kafaɗarsa har suka kai ƙarshen layi. Jama'a suka miƙe tsaye suna tafi. Har yau ana nuna hoton nan ana cewa ga misalin rashin karaya.

Ni ma labarin yana taɓa ni, amma ina ganin an ɗauki darasin a baibai. Shi Redmond rana ɗaya ce a gabansa, ranar da ya yi shekaru yana wa tanadi, kuma washegari ba tallar awara zai fita ba, ba rijiya zai je ba. Likitoci na jiran sa a bakin fili. Ke kuwa gobe ma da ƙafar za ki tashi, jibi ma haka. Wanda ya kamata mu kalla a hoton nan shi ne uban. Bai tsaya daga nesa yana ihu yana cewa daure ɗana ba. Saukowa ya yi ya karɓi nauyin.

Na biyun shi ne Usain Bolt na ƙasar Jamaika, wanda ya gudu mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009. A tserensa na ban kwana a Landan, watan Agusta na 2017, tsokar bayan cinyarsa ta hagu ta ci amanarsa, ya faɗi a fili bai ƙarasa ba. To in tsokar mutumin da duniya ta sallama wa a gudu tana yagewa, don me za a ce ta 'yar talla ba ta da ikon yagewa?

"TO DA ME ZA MU CI?"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da za a kawo mini, kuma ba zan raina ta ba. Mutanen Jibiya sun ga tasku. An rufe iyakar ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai watan Afrilu na 2022. Aka sake rufewa a watan Agusta na 2023 bayan juyin mulkin da ya kifar da Mohamed Bazoum a Nijar, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Garin da cinikinsa ya dogara da wucewar mota, ki ƙiyasta yadda gidaje suka kasance a waɗannan shekaru. Gidan da tiren yarinya ne cefanensa, in ka ce masa yarinya ta huta mako uku, kamar ka ce su yi azumin da ba niyya ne.

Amma ko a lissafin kasuwa a zo a duba. Mako uku na lallaɓawa, ko wata uku na jinya bayan an yi fami, wanne ya fi cin jari? Garin neman gira ake rasa ido. Sannan hutun gudu ba hutun nema ba ne. Yarinya tana iya zama a rumfa ta sayar a zaune, ƙaninta ko yayarta su karɓi bin mota na ɗan lokaci. Tana iya karɓar suyar a gida, uwar ta samu mai fita. Uwargida tana iya yin tankaɗe da tsintar shinkafa da yankan kuɓewa, abokiyar zamanta ko 'yar ɗakinta ta karɓi ɗiban ruwa, ranar da ita ma ta kwanta a rama mata. Ciwon 'ya mace ai na 'ya mace ne. Shi kuma maigida, in ya iya nemo kuɗin gyaran babur ranar da taya ta yi faci, bai kamata a ce kuɗin mai ruwa na mako biyu ya gagare shi ba.

Abin da nake nufi, haƙurin jinya ba aikin mai ciwo ba ne ita kaɗai. Ba a iya yin sa sai gida ya ba da rancen lokaci. Duk gidan da ke yabon dauriyar mace alhali bai taɓa sauke mata tulu ba, to ba dauriyarta yake so ba, aikinta yake so.

KWANCIYA MA BA HAƘURI BA CE

Kada kuma wata ta ɗauki littafin nan ta kai wa maigida ta ce ga shi an ce in kwanta wata biyu. A'a. Son jiki ma cuta ne, kuma tsokar da aka bari a kwance ƙanƙancewa take yi ta yi rauni. Wani likitan Amurka, Gabe Mirkin, shi ya yaɗa shawarar nan a 1978 cewa a huta, a sa ƙanƙara, a ɗaure, a ɗaga ƙafa. A 2014 shi da kansa ya fito ya ce yawan ƙanƙara da cikakken hutu suna iya jinkirta warkewa. Abin da masana suka tsaya a kai shi ne, bayan kwanakin farko tsoka tana son aiki, amma aiki gwargwado, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ashe haƙurin da nake magana aiki ne na kullum, mai tsari. Ga yadda yake.

Kwana biyu zuwa uku na farko, ki rage takawa, ki naɗa bandeji ba tamau ba, ki ɗora ƙafar a kan matashi in kin kwanta. In akwai ƙanƙara ki naɗe ta a tsumma ki ɗora kamar minti 15 don rage zafi, kada ki ɗora ta tsirara a fata. A waɗannan kwanaki a guji gashi da ruwan zafi, da murza, da ja, domin suna ƙara zubar jini a ciki. Na san hannun tsofaffinmu yana ƙaiƙayin murza, ki ba su haƙuri cikin ladabi, ki ce, "Gwaggo, a bari ya kwana uku tukuna."

Bayan nan ki fara tafiya a hankali a tsakar gida, iyakar inda ba za ki yi ɗingishi ba. Ki fara ba tsokar aiki. In sha-raɓa ce, ki dafa bango ki yi ɗage a kan yatsu da ƙafa biyu, ki sauko sannu a hankali, kamar sau goma, safe da yamma. In ya yi sauƙi ki koma yi da ƙafa ɗaya. In bayan cinya ce, ki kwanta rigingine a tabarma, ki lanƙwasa gwiwoyi, ki ɗaga ƙugu sama ki sauke. Ɗan jin jiki ba laifi, amma zafi mai suka yana nufin ki dakata.

Kada ki fara gudu sai ƙafar ta ci jarrabawa uku. Ki iya tafiya mai sauri ta minti 30 ba zafi ba ɗingishi. Ki iya ɗage da ƙafar mai ciwon ita kaɗai kamar sau 20, daidai da lafiyayyar. Ki iya 'yan tsalle-tsalle a kanta ba tare da kin ji suka ba. In ta faɗi ɗaya, a ƙara mata kwanaki.

Ranar da za ki fara, ki soma da tafiya ta minti biyar zuwa goma don jiki ya yi ɗumi, musamman da sanyin hunturu. Sannan ki haɗa sassarfa da tafiya: minti ɗaya sassarfa, minti uku ko huɗu tafiya, ki maimaita sau huɗu ko biyar. In ba agogo, ki auna da turakun wayar lantarki na bakin hanya, tsakanin turke biyu sassarfa, sannan ki taka ki wuce huɗu. Ki zaɓi wuri mai laushi wanda ba gangara ba rairayi mai zurfi, ki sa kambas, ki bar silifa. Ki tsallake rana ɗaya tsakanin kowace fita. Alƙalinki shi ne washegari da safe: in kin tashi ƙafar tana yadda take ko ta fi, ki ƙara kaɗan. In kin tashi ta fi jiya ciwo, ki koma matakin baya. Nisa ake fara ƙarawa, sauri ya biyo baya. Zabura da bin mota da tire a ka su ne na ƙarshen ƙarshe.

Ki kuma yi hattara da ƙwayoyin kashe zafi da ake saye a tebur. Jiki magayi ne, zafi kuwa shi ne harshensa. In kika sha ƙwaya don ki samu damar gudu, kin toshe bakin mai gadi ne ɓarawo yana cikin gida. Irin su ibuprofen da diclofenac suna da illa ga mai gyambon ciki da mai juna biyu, tramadol kuwa ƙofar jaraba ce da ta halaka 'ya'yan mutane da yawa.

INDA BA A JIRA

Akwai alamomin da haƙuri a kansu ganganci ne. In kin ji ƙara kamar an tsinke igiya, ko kamar an jefe ki da dutse a bayan dunduniya, sannan kika kasa ɗage, wataƙila agara ce ta tsinke. In ba kya iya taka ƙafar sam, ko kin ga rami a tsokar, ko ƙafar ta mutu ba kya jin ta, sai asibiti. Ga Babban Asibitin Jibiya, ga Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, kuma a manyan asibitoci akwai masu gashin ƙashi da ake kira fisiyo, waɗanda wannan shi ne aikinsu.

Wannan kuma ki riƙe shi da kyau, ke mai ciki, ke mai jego, da ke mai shan ƙwayar tazarar haihuwa. In sha-raɓarki ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, ta yi ɗumi, alhali ba ki yi gudu ba, ba ki faɗi ba, kada ki bari a murza. Yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya, in gudan ya ɓalle ya tafi huhu yana kisa. In har da sarƙewar numfashi ko ciwon ƙirji, a nemi mota a daren, ba a jiran gari ya waye.

KAMMALAWA

To 'yar'uwa, mu koma ga tambayarmu. Wace ce ta kyauta? Ni a wurina wadda ta saurari ƙafarta ce, ta ba ta aiki daidai ƙarfinta, ta shanye habaicin mutane har ta warke sarai. Ban ce wadda ta tashi da ɗingishi muguwa ba ce. Sau da yawa ba a bar mata zaɓi ba ne, kuma alhakin yana wuyan waɗanda suka ga tana jan ƙafa suka kau da kai suna yaba mata.

Saboda haka ke uwa, in 'yarki ta ce ƙafarta, ki duba kafin ki yi tsawa. Ke uwar miji, ki tuna surukarki 'yar wata ce. Ke budurwa mai burin kaki, in gwajin bana ya zo ƙafarki ba ta warke ba, ki sani ana sake ɗaukar ma'aikata, amma ba a sake rabon ƙafa. Sannu ba ta hana zuwa, kuma sauri shi ke haifar nawa. Mu ajiye dauriya don ranar da ba makawa sai ita, mu roƙi Allah kada Ya kawo ranar, in kuma ta zo ta same mu da ƙafafu lafiyayyu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da Jibiya da kewayenta lafiya, Ya sa albarka a nemanmu. Amin summa amin.